Wa Ya Ƙirga Gidanmu? Tarihin Ƙidayar Ɓarnar Ambaliya a Ƙasar Kirikasamma

Gabatarwa

A ƙarshen daminar 2022, bayan ruwa ya fara ja da baya, na shiga cikin matasan da wata ƙungiyar agaji ta ɗauka aikin wucin gadi domin ƙididdige gidajen da ambaliya ta lalata a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumarmu ta Kirikasamma. An ba kowannenmu wayar hannu mai ɗauke da manhajar tambayoyi. A baki aikin ba shi da wuya. Za ka tsaya a ƙofar gida, wayar ta karɓi lambar wurin daga tauraron ɗan'adam, ka ɗauki hoto, sannan ka taɓa ɗaya daga cikin amsoshi uku: gida ya rushe gaba ɗaya, ya rushe wani sashe, ko bai rushe ba.

A rana ta biyu muka isa gidan wani dattijo a bakin fadama. Daga waje ba ka ganin komai, domin zaurensa na tsaye, kwanon rufinsa na ƙyalli. Da muka shiga ciki sai jikinmu ya yi sanyi. Ɗakuna biyu sun zube, katangar baya ta kwanta, rufewar hatsi ta narke ta haɗe da geron da ke cikinta. Ɗaki na uku yana tsaye, amma gindin bangonsa ya jiƙe har kusan gwiwa.

Na ce, "Baba, za mu rubuta cewa wani sashe na gidan ne ya rushe."

Ya dube ni, ya dubi wayar da ke hannuna, ya ce, "Ɗan nan, wanne ne gidan? Zauren da nake shan iska, ko ɗakin da jikokina ke kwana? Sannan rubutun nan naku, na karɓa ne ko na bayarwa? Ni dai na ga zamanin da in malami ya shigo gari da takarda, samari rumbu suke faɗawa."

Ban iya ba shi amsa ba. Na taɓa amsa ta biyu, muka yi masa sallama muka wuce. Amma tambayoyinsa biyu sun bi ni har gida, kuma su ne suka sa na koma baya ina bin sawun waɗanda suka riga ni ƙirga gidajen wannan ƙasa: su wa ne, me suka ƙirga, kuma don amfanin wa.

Ƙasar da ruwa ya raina

Kirikasamma ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗeja, tare da Auyo, Birniwa, Guri, Haɗeja, Kafin Hausa, Kaugama da Malam Madori. Kogin da ke ratsa ta daga ƙasar Kano ya taso, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. Da ya wuce garin Haɗeja ya yi gabas, sai ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin jigayin rairayi, ya rasa hanya guda da zai bi, ya rarrabu. Wani reshe ya bi tsohuwar hanyarsa, wani ya zama Burum Gana, wani kuma ya zama mashigin Marma wanda ke ƙarewa a tafkin Nguru. Tsakanin waɗannan rassa ne garuruwa irin su Marma da Madaci da Baturiya suke zaune, Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa a cakuɗe.

Wajibi ne mai karatu ya fahimci cewa a wurin kakanninmu cikowar kogi ba masifa ba ce. Ita ake jira. Ruwa ya malala a fadama a shuka shinkafa, masunta su ɗauki gora da koma, in ya janye a bi danshinsa da wake da sauran amfanin rani, Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa. Gari kuwa a kan tudu ake kafa shi. Ilimin da ya raba tudu da fadama ba a takarda yake ba, a ƙwaƙwalwar bulama da sarkin ruwa da tsofaffin gari yake. Su ne za su nuna maka tsamiyar da ruwa ya taɓa gindinta a shekarar kaza, su ce kada wanda ya kafa tubali ƙasa da nan. In aka yi rashin sa'a ɗaki ya faɗi, ba a kai rahoto ko'ina. Da kaka ta yi, a kira gayya, a kwaɓa ƙasa, a ɗora azara, a tada shi. Ƙidayar ɓarna a wancan zamani ba ta wuce idon maƙwabci ba, agaji kuma bai wuce hannunsa ba.

Ƙidayar karɓa

Takarda ta shigo lissafin gidajenmu ne ta ƙofar haraji. A watan Afrilun 1906 sojojin Birtaniya suka ci Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya rasu a fagen daga tare da jama'a masu yawa, abin da ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada. Daga nan aka sanya masarautar cikin Lardin Kano. Masarautu suna da nasu haraji tun kafin zuwan Turawa, amma sabon mulkin ya zo da wani abu daban, wato rubutacciyar ƙididdiga. Jami'an mulki suka riƙa fita rangadi gunduma-gunduma suna rubuta yawan gidaje da magidanta da dabbobi da amfanin gona, domin a yanke wa kowane gari abin da zai biya. A ƙasar Kano har gonaki aka riƙa aunawa da taki. Daga bulama zuwa hakimi, daga hakimi zuwa baitulmalin En'e, kuɗi na hawa sama, takarda na biye da su.

Abin lura a nan shi ne ma'anar da wannan ƙidaya ta ba kalmar gida. A wurin malamin haraji, gida shi ne inda ake samun baligin namiji da zai biya. Ba ruwansa da ɗaki nawa ne a ciki, da tubali aka gina ko da zana aka kewaye, a tudu yake ko a bakin ruwa. Talaka kuma ya koyi darasinsa da wuri: duk abin da aka rubuta, za a zo karɓa a kansa. Saboda haka sai a rage. Saurayin da ya isa haraji a ce yaro ne, Bafillace ya kora rabin garkensa cikin fadama kafin masu jangali su iso. Wannan hali ya daɗe har bayan samun mulkin kai, sai a 1979 ne Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda Haɗeja ke cikinta a lokacin. Shekara saba'in da 'yan kai ana koya wa jama'a cewa mai takarda ba masoyinsu ba ne. Dattijon da ya tambaye ni ko rubutuna na karɓa ne, daga wannan makaranta ya fito.

Zamanin da aka auna ruwa

Ido na farko da ya kalli ƙasarmu daga sama ba gidaje ya zo nema ba. Tun wajen 1950 aka fara ɗaukar hotunan yankin daga jirgin sama domin zana taswira, kuma daga baya masana suka koma ga irin waɗannan hotuna don su gane faɗin ƙasar da ruwa ke rufewa kowace shekara. Dalilin damuwarsu kuwa kishiyar tamu ce ta yau: ruwan ne yake ƙarewa.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sannan madatsar Challawa ta biyo baya a 1992. A tsakanin haka aka sha fari mai tsanani a farkon shekarun 1970 da kuma 1983 zuwa 1984. Ambaliyar da a 1969 da 1974 ta rufe sama da murabba'in kilomita 2,000 na fadamun Haɗeja da Nguru, a farkon shekarun 1990 ba ta kai 1,000 ba. A 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ma'aikatansa suka riƙa shawagi a ƙaramin jirgi suna zana iyakar ruwa a taswira. A 1993 Hollis da Adams da Aminu-Kano suka fitar da littafi a kan yankin, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa kuma suka nuna da alƙaluma cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani, mudu da mudu, a kan wanda aka tare domin noman rani a ƙasar Kano. Darajar yankin ta kai ga an sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta bi sahu a 2008.

Aiki ne mai kyau, kuma muna cin moriyarsa. Sai dai ya auna ruwa da kifi da tsuntsaye da shinkafa, bai auna ɗakin kwana ba, domin a lokacin ba ɗakin kwana ne ke cikin haɗari ba. Alhali kuwa a cikin waɗannan shekaru ne aka shuka matsalar da muke girba. Da fadama ta bushe, jama'a kuma suka ƙaru, sai aka sauko daga tudu aka yi gini inda tsofaffi suka hana. Madatsun kuma suka sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan ƙafe da rani, yanzu ana sako ruwa duk shekara, ciyawar kacala ta samu abin da take so. Ta cika hanyoyin ruwa, ta riƙe laka, tsohuwar hanyar kogi ta toshe, mafi yawan ruwa ya karkata zuwa mashigin Marma, shi ma kacala ta shaƙe shi. Ruwan da ya rasa hanya kuwa ba ya tambayar tsamiyar da kakanni suka yi iyaka da ita. Da daminoni masu ƙarfi suka dawo, sai suka tarar da kogi a toshe, gidaje a kwari.

Ƙidayar bayarwa

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, aka kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, a 1999, jihohi kuma suka kafa nasu. Daga nan ƙidaya ta juya fuska. Sunan da aka rubuta yanzu ba haraji yake jawowa ba, buhun masara ne da tabarma da bandir ɗin kwano. Wanda kakansa ya ɓuya a rumbu don kada a rubuta shi, shi ne ke bin mai takarda yana roƙon a sa sunansa. Hanyar tattara bayanin dai ba ta sauya ba, daga bulama zuwa hakimi zuwa ƙaramar hukuma zuwa Dutse zuwa Abuja, illa dai a da adadi raguwa yake yi a hanya, yanzu kuwa yana iya kumbura. Ba ina nufin kowa maƙaryaci ba ne. Shugaban da ya san cewa abin da za a aiko ba zai kai rabin buƙata ba, yana da dalilin da zai sa ya faɗi adadi mai tsoka. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda ke cutuwa a ƙarshe shi ne mai ɗakin da ya faɗi da gaske, ba shi kuma da kowa a sama.

Ambaliyar 2001 ta yi mummunar ɓarna a Kano da Jigawa, aka ɗora laifi a kan ruwan Tiga da Challawa. Amma abin da ya faru a watan Satumbar 2010 ne ya fi fito da matsalar fili. Gwamnatin Jigawa ta bayyana cewa mutum miliyan 2 ambaliya ta raba da muhallansu a ƙauyuka 5,000, ta kuma ce buɗe madatsun biyu ne sanadi. Hukumar da ke kula da madatsun ta musanta. Jihar da ƙidayar 2006 ta ba ta ƙasa da mutum miliyan 4.5, ga shi an ce kusan rabinta na kwana a waje. Labari ya zagaya duniya, wasu suka gaskata, wasu suka yi tababa. Ni abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ke riƙe da hujjar da za ta tabbatar ko ta rushe adadin gida-gida. Ga Najeriya kuwa tana da tauraron ɗan'adam a sararin samaniya a lokacin. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumbar 2003, har ya aiko da hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. Sai dai ɗigo ɗaya a hotonsa yana wakiltar fili mai faɗin mita 32, wato gida sukutum da zaurensa da turken awakinsa na iya ɓacewa cikin ɗigo guda.

Bayan babbar ambaliyar 2012, wadda NEMA ta ce ta kashe mutum 363 ta kuma raba sama da miliyan 2 da gidajensu a faɗin ƙasa, gwamnatin tarayya ta gayyato Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya aka yi tantancewa ta tsari, aka ƙiyasta asarar a kan naira tiriliyan 2.6. Ci gaba ne babba, amma rahoton sai a 2013 ya fito, bayan masu ɗakunan sun riga sun kira gayya ko sun yi ƙaura.

Ido daga sama

Kayan aikin da ake amfani da su yau a kan tambayoyi uku suka tsaya: ina ruwa ya kai, me ke wurin kafin ya zo, kuma me ya same shi.

Tambaya ta farko ita ce aka fi samun nasara a kanta. Da damina gajimare kan rufe sama, kyamara ba ta ganin ƙasa. Amma tauraron Sentinel-1 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2014, ba da hasken rana yake gani ba. Sigina yake aikowa ƙasa ya saurari dawowarta, dare ko rana, ko da hadari. Shimfiɗaɗɗen ruwa yakan kautar da siginar kamar madubi, sai wurin ya fito baƙi a hoto. In aka gwama hoton rani da na damina, sai iyakar ambaliya ta bayyana. Hotunan kuma kyauta ne ga duk mai intanet.

Tambaya ta biyu tana da tarihin da ya shafe mu kai tsaye. Tun wajen 2012 ma'aikatan rigakafin shan-inna a jihohin arewa suka fara ajiye taswirar da ake zanawa da hannu, suka koma ga wadda aka ciro daga hoton tauraro, aka gano rugage da ƙananan ƙauyuka da ba sa cikin jerin kowa. Wannan aiki ne ya zama tushen shirin GRID3 na taswirar matsugunan Najeriya. A 2021 kuma kamfanin Google, ta hannun masu bincikensa a Akara, ya fitar da taswirar gine-gine miliyan 516 na nahiyar Afirka, waɗanda ƙirƙirarriyar basira ta zana daga hotunan sama. In aka ɗora taswirar ruwa a kan taswirar gine-gine, cikin awoyi kwamfuta za ta faɗi rufi nawa ruwa ya kewaye.

Tambaya ta uku ce mai wuya, kuma ambaliyar 2022 ta gwada kowa a kanta. Mataimakin gwamnan Jigawa na lokacin, Umar Namadi, ya ce mutum 134 suka rasu a jihar. A tsakiyar Oktoba Ministar Jinƙai Sadiya Umar Farouq ta sanar da cewa a ƙasa baki ɗaya mutum 603 sun rasu, gidaje 82,053 sun rushe gaba ɗaya, 121,318 sun lalace. Bankin Duniya kuma ya yi amfani da wata hanyar ƙiyasin gaggawa wadda ba a bin gida-gida: ana haɗa taswirar ruwa da ƙiyasin yawan gine-gine da darajarsu, da ma'aunin da ke hasashen irin lahanin da zurfin ruwa kaza ke yi wa gini iri kaza. Ya ƙiyasta ɓarnar a kan dala biliyan 6.68, ya kuma bayyana cewa gaskiyar na iya faɗawa ko'ina tsakanin biliyan 3.79 da 9.12, ya sanya Jigawa cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ina ganin wannan tazara da aka bayyana ta fi adadin kansa daraja. A tarihin da na bibiya, ban saba cin karo da mai ƙidayar da ke faɗin iyakar saninsa ba.

Abin da ginin ƙasa ya ɓoye wa na'ura

Duk da haka, da na koma gida na zauna da waɗannan taswirori a kwamfutar wani abokina, sai na ga inda ƙasarmu ta fi ƙarfinsu.

Na farko, kacalar da ta toshe kogi ita ce kuma ke rufe idon tauraro. Ruwan da ke ƙarƙashin doguwar ciyawa ko shinkafa, ko wanda ya shiga lungunan gari tsakanin bango da bango, ba ya fitowa baƙi a hoto, domin ganye da bango suna mayar da siginar. Sau da yawa wurin da taswira ta nuna busasshe, mu da kwalekwale muka shige shi. Ga shi kuma a 2022 tauraro ɗaya ne ke aiki cikin tagwayen Sentinel-1, yana dawowa kan wuri bayan kwana 12, ɗigonsa kuma mita 10 ne, ya fi yawancin ɗakunanmu girma.

Na biyu, ginin ƙasa ba ya mutuwa irin mutuwar ginin siminti. Manhajojin da ke gane rushewar gini daga hoto da misalai ake koya musu. Sanannen rumbun misalan da ake kira xBD, wanda aka fitar a 2019, yana da gine-gine sama da 850,000, galibinsu daga nahiyar Amurka da Asiya, inda guguwa ke yaye rufi, girgizar ƙasa ke tara ɓaraguzai, gobara ke barin toka. Tubali kuwa daga ƙasa yake mutuwa. Yana tsotsar ruwa a hankali kamar lagwani, gindi ya yi laushi, bango ya riƙe kansa kwana biyar ko goma, sannan wani dare ya durƙusa. Daɗewar ruwa ta fi zurfinsa illa. Ruwan da bai wuce idon sawu ba, in ya kwana bakwai, ya fi wanda ya kai ƙugu ya wuce a yini ɗaya. Daga sama kwano na nan yana ƙyalli, alhali abin da ke riƙe da shi ya zama kunu. In ɗakin soro ne kuma ya zube, ƙasa ce ta koma ƙasa, launinsu ɗaya da tsakar gida. Balle rufin jinka, wanda ko kafin ambaliya na'ura kan iya ɗaukarsa a matsayin bishiya ko tarin kara.

Na uku, ba duk ɗakin da ya faɗi kogi ya kayar ba. Mamakon ruwan sama na kwana biyu yakan jiƙa soro ya yi nauyi, azara ta karye a kan masu barci, a garin da ke kan tudu nesa da kogi. Taswirar ambaliya ba ta san da wannan gari ba.

Na huɗu shi ne tambayar dattijon nan. Na'ura rufi take ƙirgawa, fom ɗin wayata ƙofar gida yake ƙirgawa, mai rabon kaya magidanci yake nema. A gidan gandu mai ɗakuna goma da magidanta huɗu, waɗannan lissafi uku ne mabambanta. Duk lokacin da na ga adadin nan na 82,053, har da ukunsa na ƙarshe, nakan tambayi kaina ko ɗakuna ne, ko gidaje, ko iyalai. Rumbu kuwa, wanda faɗuwarsa ke nufin yunwar shekara, ba shi da gurbi a fom ɗin da aka ba ni ko kaɗan.

Kwana goma sha biyu bayan ziyararmu na koma ƙauyen dattijon gaisuwar rasuwa, na biya ta gidansa. Ɗaki na uku ya faɗi da asuba, Allah Ya kiyaye ba kowa a ciki, domin tun da ya ga gindin ya jiƙe ya kwashe jikokinsa zuwa zaure. Shi ya san ɗakin matacce ne tun ranar da nake tsaye ina ɗaukar hotonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A rumbun bayanai kuwa gidan na nan yadda na bar shi, wani sashe ne ya rushe, kuma da aka zo rabon kwano da waɗanda aka rubuta gidansu ya rushe gaba ɗaya aka fara. Ba na'ura ce ta cuce shi ba. Yatsana ne ya taɓa amsar, kuma ban tambaye shi abin da ya sani ba.

Kammalawa

Ba na cikin masu cewa a yi watsi da waɗannan kayan aiki. Wanda ya karanta abin da ya faru a 2010 ba zai so a koma zamanin da adadi ba shi da shaida ba. Tauraro ba shi da ɗan'uwa a jerin sunaye, ba ya jam'iyya, ba a kai masa gaisuwa. Zai iya tona asirin wanda ya rubuta ƙauyen da ruwa bai je ba, ya kuma tuna wa hukuma da rugar da hanya ta yanke aka manta da ita. Amma tarihin ƙidaya a wannan ƙasa ya nuna cewa kowane mai ƙirga da ma'anar gida da ta dace da buƙatarsa yake zuwa, mai gidan kuma ba a taɓa tambayarsa ba.

Gyaran a ganina da rani ake yin sa, ba da damina ba. Tun 2013 hukumar kula da harkokin ruwa ta ƙasa ke fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara, saboda haka an san garuruwan da ke bakin haɗari. A irin waɗannan garuruwa ya kamata a buga taswirar gine-gine a babbar takarda, a shimfiɗa ta a ƙofar bulama, jama'a su gyara ta da bakinsu: wannan ɗaki ne, wannan rumbu ne, wannan na bulo ne, wannan na tubali, mutum kaza ke kwana a nan. A shigar da mata cikin aikin, domin su ke cikin gida, su suka san bangon da ya tsage. A ƙara wa fom tambayar kwana nawa ruwa ya yi a gindin bango, a buɗe wa rumbu gurbinsa, a kuma wajabta komawa zagaye na biyu bayan mako biyu. In an gama, a karanta jerin sunayen a bainar jama'a kafin a aika da shi Dutse. Ɗalibanmu na jami'o'in Dutse da Kafin Hausa za su iya tara hotunan gine-ginen ƙasa kafin ambaliya da bayanta, domin na'ura ta koyi yadda tubali ke mutuwa daga waɗanda suka san shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dattijon ya tada ɗakunansa biyu da rani, da gayyar maƙwabta, kamar yadda kakanninsa suka yi. Na uku har yanzu fili ne, an kewaye shi da zana. Da na gaya masa ina rubutu a kan tambayarsa, sai ya yi murmushi ya ce, "To, in za ka rubuta, ka rubuta ɗaki uku da rufewa ɗaya." Ga shi na rubuta.